Yadda ake mayar da kilim ɗin tsohuwar mota daga gas R12 zuwa R134a

Duk mai Peugeot 504 ko 505, ko Marsandi 190, ko tsohuwar Land Cruiser da aka ƙera kafin 1993, ya ɗaga kafo ya karanta ƴar takardar da ke liƙe a wurin. In ta ce R12, to gas ɗin nan ya zama tarihi. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta yanke masa hukunci saboda yana cinye rufin ozon da ke tare mana kaifin rana. Ƙasashe masu arziki suka bar ƙera shi a ƙarshen 1995, ƙasashe irin namu aka ba su zuwa 2010. Magajinsa shi ne R134a, wanda ake samu a Damagaram ba wuya.

Sai dai ka yi hattara da mai ce maka "Alhaji, kawo a ɗura maka sabo, yanzu ka ji sanyi." Za ka ji sanyin, amma kwamfireso, wato famfon da ke tura gas ɗin, ne zai biya. R12 da man ma'adinai yake tafiya, shi kuwa R134a ba ya ɗaukar wannan man ya zaga da shi, sai kwamfireso ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone.

Da farko a zuƙe ragowar tsohon gas a cikin tulu, kada a sake shi a iska. Kuma a yi nesa da mai walda, domin R12 in ya haɗu da harshen wuta guba yake zama.

Daga nan sai batun mai, nan ne aikin yake. A kwance kwamfireso, a kife shi, a riƙa juya bakinsa da hannu har tsohon man ya tsiyaye a cikin kwano. Dubi man da kyau: in ka ga baƙi ne, ko da ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, kwamfireson ya riga ya gaji, kada ka ɓata kuɗin gas a kansa. A wanke tiyo da kondansa (wanda ke gaban lagireto) da ruwan wankin da aka yi domin haka, a hure su su bushe, amma ba a dura wannan ruwan a cikin kwamfireso. Man da za a zuba iri biyu ne, PAG ko esta. Ni esta nake zaɓa wa tsohuwar mota, don yana haƙuri da ɗan ragowar tsohon mai da wanki bai fitar ba. A zuba daidai awon da kamfanin kwamfireson ya faɗa, kuma a rufe galan nan take, man nan yana shan danshin iska.

Kwalbar da ke tsotse danshi dole a sa sabuwa wadda aka yi wa R134a. Zoben roba na kowace mahaɗa a canza shi da kore, a shafa masa ɗan mai kafin a ɗaure. Tiyon da ya tsattsage a jefar. Sai a ɗaura sababbin bakunan ɗuri, shuɗi a babban bututu, ja a siriri.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne kondansa, wannan mai kama da lagireto da ke gabansa. R134a ya fi R12 matsi a ɓangaren zafi, kuma tsohon kondansa ba don shi aka yi shi ba. A Turai ana iya lallaɓawa haka. A nan kuwa, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, mota za ta yi sanyi a hanyar Mirriya, da ka tsaya a cunkoson kasuwar Dole sai iska mai ɗumi ta fara busowa. Maganinsa a sa kondansa na zamani mai siraran hanyoyi a jere, ko aƙalla a ƙara fanka ta lantarki a gaba, a wanke ƙurar hunturu da ta toshe tsakanin ganyayensa. A kuma sa makunnin da ke yanke kwamfireso in matsi ya wuce kima.

Bayan an haɗa komai, a jona famfon zuƙe iska na minti 45, a kashe, a zuba wa allurar agogon matsi ido na kwata. In ta motsa, akwai yoyo. A ɗan sa matsi a bi mahaɗai da kumfar sabulu.

Ɗurin kansa da sikeli ake yi. R134a kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na awon R12 ake sawa, wato motar da ke cin gram 1000 a ba ta 800 zuwa 850. Kada a ce sai kumfa ta ɓace a ɗan gilashin nan da ake leƙa gudun gas ta cikinsa, wannan dabarar ta zamanin R12 ce, yanzu cika ta yi yawa take jawowa. A sayi tulu rufaffe a hannun wanda aka sani, don akwai jabu mai gaurayen wani gas, R40, da ke cin alminiyam har ya iya fashewa. Gas ɗin girki kuwa, da wasu ke ɗurawa don arha, kada ma a kawo shi kusa da motar.

A tayar da inji, a rufe gilasai, a sa ma'aunin zafi a bakin iska a gwada da tsakar rana, a tsaye da kuma a tafe. Sannan a liƙa sabuwar takarda a ƙarƙashin kafo mai nuna irin gas, irin mai da awonsu, don makanikin da zai taɓa motar gaba ya san abin da ke ciki.