Yadda za ka zama ƙwararren jami'in walwalar jama'a bayan digirin farko

Matakin digirinka ne ke nuna ƙofar da za ka bi. Mai Second Class Lower zuwa sama, musamman a fannin nazarin zamantakewa ko halayyar ɗan Adam, yana iya neman digiri na biyu kai tsaye. Mai Third Class, ko HND, ko wanda ya fito daga wani fanni daban, yawanci sai ya fara da difiloma ta gaba da digiri, wato PGD. Jami'ar Ibadan da ta Nsukka suna da sashe na musamman na wannan aiki. A nan Kano kuwa, sai ka duba sanarwar Makarantar Karatun Gaba da Digiri ta Jami'ar Bayero ta shekarar da kake nema, ka ga kwasa-kwasan da aka buɗe, kada ka dogara da ta bara.

Takardun da za a nema: kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi, shaidar digiri, takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, da wasiƙun masu tsaya maka. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne cikakken sakamakon jarrabawa da tsohuwar makarantarka za ta aika da kanta. Yana iya ɗaukar watanni, don haka ka nema tun kafin fom ya fito. Ka kuma duba sunanka: Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, zai tsayar da kai wajen tantancewa sai ka kawo takardar rantsuwa daga kotu.

Kafin ka biya kuɗi, tambayi ko kwas ɗin yana da aikin fili ƙarƙashin mai sa ido. Idan babu, ilimin aji kawai za ka samu. Wuraren da suka dace su ne ofishin walwala na asibiti irin na Malam Aminu Kano, gidan marayu na Nassarawa, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, ko gidan gyaran tarbiyyar yara.

A can ake koyon rubuta bayanin kes, wato rahoton halin da mutumin da kake taimaka wa yake ciki, kuma nan sababbi suka fi tuntuɓe. Misali, an kawo maka dattijuwa da aka sallama daga asibiti ba ta da kuɗin magani. Rubuta kwanan wata, wanda ya turo ta, abin da ta faɗa da bakinta, sannan abin da ka gani da idonka, kowanne daban. "Danginta sun yi watsi da ita" hukunci ne. "Kwana shida ba wanda ya zo dubiya" shi ne bayani. Ka ƙare da matakin da aka ɗauka da ranar bibiya. A rahoton makaranta kada ka sa sunanta ko unguwarsu. Kundin da kake rubuta ayyukanka na fili kuma a sa masa hannu duk mako, don mai sa ido ba zai tuna abin da ka yi wata uku baya ba.

Dokar kafa majalisar kula da wannan sana'a a Najeriya ta samu sa hannu a 2022, saboda haka ka adana kundin da takardar wurin da ka yi aikin fili, tare da shaidar kammalawa, don ranar rajista.