Babi na Bakwai: Fetur ko Gas? Hayar Mota a Ƙasar Waje

Darasi na 1: Suna ɗaya, mai biyu

Ɗalibai, barkanmu da sake haɗuwa. A cikinku akwai 'yan kasuwa masu zuwa Baljiyam sayen motoci, akwai masu zuwa Dubai da Turkiyya sarin kaya, akwai masu zuwa Umara. Wata rana ɗayanku zai tsaya gaban teburin kamfanin hayar mota, a tambaye shi irin motar da yake so. Kada gabanku ya faɗi. Wanda ya iya karanta sunansa zai iya wannan babi.

Mai iri biyu ne: fetur da gas. Gas ɗin nan shi ne dizal, wanda tirela da babban janareto suke sha. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna ce musu esansi da gazuwal. Kowace mota ɗaya take sha, ba ta shan ɗayan.

To ga inda tarkon yake. Mu a nan idan muka ce "gas", dizal muke nufi. A Amurka idan aka ce "gas", fetur ake nufi. Idan kun bar gida, ku bar kalmar "gas" a gida. Ku ce dizal. Mu faɗa tare: dizal. Madalla.

Ku kwafi waɗannan a littafinku, harafi bayan harafi, babu gaggawa.

Faransa: fetur ESSENCE ko SP95 ko SP98, dizal GAZOLE.
Italiya: fetur BENZINA, dizal GASOLIO.
Sifen: fetur GASOLINA, dizal GASÓLEO.
Turkiyya: fetur BENZİN, dizal MOTORİN.
Saudiyya da Dubai: fetur بنزين, dizal ديزل.

Waɗanda suka yi karatun allo, layin ƙarshe naku ne, ku taimaka wa na kusa da ku. Sannan kowa ya sake duba layin Sifen. Kalmomin biyu da GAS suka fara, a wutsiya suka rabu. Wanda ya karanta haruffa uku na farko ya tsaya, ya shiga uku. A karanta kalma har ƙarshenta.

Darasi na 2: Karanta murfin tanki

Wannan darasi shi ne zuciyar babin, kuma a nan na ga ɗalibai sun fi tuntuɓe.

An miƙa maka makulli. Kada ka shiga mota tukuna. Zagaya bayanta, ka buɗe ƙaramar ƙofar tanki, ka duba cikinta da kan murfin. Akwai rubutu, ka ɗora yatsa a kansa ka karanta. Sannan ka duba takardar da ka sa wa hannu da ɗan katin da ke maƙale da makulli, ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Idan bai zo ɗaya ba, koma wurin ma'aikacin ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Tun watan Oktoba na 2018 ƙasashen Tarayyar Turai suka sa alama iri ɗaya a sababbin motoci da famfunan mai, kuma alamar ta yi wa mai ƙaramin karatu daɗi. Fetur da'ira ce, kamar faifai, a ciki an rubuta E5 ko E10. Dizal murabba'i ne, mai kusurwa huɗu kamar akwati, a ciki yawanci B7. Faifai fetur, akwati dizal. Ku zana su yanzu. Hajiya, naki faifan ya yi kyau. Faifai fetur, akwati dizal.

Ka isa gidan mai. A yawancin ƙasashen Turai da Amurka babu yaron da zai zuba maka, kai ne direba kai ne mai zubawa. Ga yadda za ka yi: ka kashe mota, ka buɗe ƙofar tanki, ka karanta murfi, ka je famfo ka karanta abin da ke jikinsa, ka dawo ka sake karanta murfi. Idan sun yi daidai, sai ka ɗauki kan famfo. Murfi, famfo, murfi.

Wani zai ce, "Malam, ai na karanta jiya." Jiya ta wuce. Motar ba taka ba ce, hannunka bai saba da ita ba, kuma abin da ya saba da shi a gida shi zai kai wa. Mutumin da ya shekara ashirin yana shan fetur, hannunsa famfon fetur zai nufa ko da zuciyarsa ta san motar ta dizal ce. Don haka kowane shan mai: murfi, famfo, murfi.

Kada ku dogara da launi. A Ingila koren kan famfo fetur ne, baƙi dizal. A Amurka sau da yawa kore shi ne dizal. A Saudiyya kore fetur ne mai lamba 91, ja fetur mai lamba 95. Kun ga kore ɗaya ya faɗi magana uku. Rubutu za ku bi.

Ga wani abu kuma. Bakin famfon dizal ya fi kauri, ba ya shiga tankin motar fetur cikin sauƙi. Idan ka ji ya ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi, gargaɗi yake yi maka. Bakin famfon fetur kuwa siriri ne, zai zurma cikin tankin motar dizal da yawa salin-alin. Shi ya sa wanda ya ɗauki motar dizal ya fi kowa bukatar karanta murfi.

A ajin bara na zana murfi a allo, na rubuta GAZOLE, na ce a faɗa min man da motar take sha. Wani dattijo, direba ne tun ina makarantar firamare, ko allon bai kalla ba ya ce, "Malam, ƙaramar mota ai fetur ce." Na ce, "Baba, ɗaga kai ka duba." Ya ɗaga, ya bi haruffan da sandarsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe!" A Turai ƙananan motoci masu shan dizal suna da yawa, kuma na yanzu ba sa ƙara da hayaƙin da za ka gane su da kunne ko hanci.

Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Makon jiya na ba da aikin gida a zana alamomin nan biyu, rabin aji suka zo hannu rabbana. Mutum zai biya kuɗin jirgi da na biza, amma ya ji ƙyuyar karanta kalma ɗaya? Wannan ba rashin ilimi ba ne, ganganci ne. Wanda bai zana ba ya zana kafin mu wuce. Ina jira. Faifai fetur, akwati dizal. Murfi, famfo, murfi.

Darasi na 3: Idan an riga an yi kuskure

Kada ka tayar da mota. Kada ma ka murɗa makulli ko ka taɓa maɓallin kunnawa, domin a motoci da yawa da zarar wuta ta kawo, famfon cikin tanki zai fara tura mai zuwa inji. A motar dizal, dizal yana da maiƙo, shi yake shafe famfon injin. Fetur yana wanke maiƙon, ƙarfe ya ci ƙarfe. Muddin man yana cikin tanki, zuƙe shi kawai za a yi. Idan ya shiga inji, gyaran ya zama babba, kuma inshorar hayar mota sau da yawa ba ta biyan irin wannan ɓarna, daga aljihunka za ta fito.

Ka cire giya, ka nemi a taya ka tura motar gefe, ka kira lambar da ke jikin takardar haya. Ka faɗi gaskiya.

Darasi na 4: Wacce za ka zaɓa?

Idan doguwar tafiya ce a babban titi, da mutane da kaya, kamar daga Burasal, babban birnin Baljiyam, zuwa kudancin Faransa, dizal ta fi tsimin mai. Idan zirga-zirgar cikin gari ce ta kwana biyu ko uku, ɗauki fetur. Ka duba farashi a allon gidan mai: a Ingila litar dizal ta fi ta fetur tsada. A Saudiyya da Dubai da Amurka kusan duk ƙananan motocin haya fetur ne, zaɓin bai ma taso ba.

A ganina, wanda tafiyarsa ta farko ce ya ɗauki fetur, abin da hannunsa ya sani.

Darasi na 5: Mayar da mota

Idan cike aka ba ka, cike za ka mayar. Ka sha mai kusa da inda za ka ajiye ta, ka riƙe rasit. A nan ma ka karanta murfi.

Aiki

1. Zana alamar fetur da ta dizal.
2. Me GASOLIO yake nufi?
3. Ka zuba man da ba shi ba. Me ba za ka taɓa ba?