Yadda Ake Lissafin Iyakar Albashi da Tsawaita Kwantaragi a Gasar NFL

Wanda ya saba kallon ƙwallon Turai a gidajen kallo na Agege ko Idi-Araba ya san cewa a can mai ƙarfin aljihu shi ke kwashe gwanaye. A ƙwallon Amurka, wato gasar NFL mai ƙungiyoyi 32, abin ba haka yake ba. Kowace shekara ana yanke adadin kuɗi guda ɗaya, kuma babu ƙungiyar da aka yarda nauyin albashin 'yan wasanta ya wuce shi, komai arzikin mai ita. An fara wannan tsari a 1994 da dala miliyan 34.6. A 2024 ya kai miliyan 255.4, a 2025 kuma miliyan 279.2. Adadin yana fitowa ne daga kuɗin shigar gasar, musamman na talabijin, inda 'yan wasa ke da kusan kashi 48 cikin ɗari bisa yarjejeniyar da ƙungiyarsu ta ƙwadago ta ƙulla da masu ƙungiyoyi a 2020, wadda za ta kai har kakar 2030.

Tunda gasar ta fara waiwayo Najeriya, har ta yi sansanin neman matasa a Legas a 2024, ya kamata mai kallo ya iya karanta kwantaragi da kansa, ba ya tsaya a kan babban adadin da aka rubuta a kanun labari ba.

Raba kuɗin hannu da kuɗin littafi

Abu na farko shi ne ka ja layi biyu a takarda. Layi ɗaya na kuɗin da ya shiga asusun ɗan wasa a shekarar, ɗayan kuma na abin da aka rubuta wa ƙungiya a littafin iyaka. Ba kasafai suke zuwa daidai ba.

Albashin shekara ana lissafa shi gaba ɗaya a shekarar da aka biya shi. Haka ma ladan zama cikin jerin 'yan wasa da ladan halartar atisaye. Kuɗin sa hannu ne ya bambanta. Ana ba ɗan wasa shi tun farko, amma a littafi ana raba shi daidai wa daida a kan shekarun kwantaragin, kuma ba a wuce shekara biyar ko da kwantaragin na shekara goma ne. Duk wanda ya taɓa kama shago a Mile 12 ya san irin wannan. Mai shago ya karɓi hayar shekara biyu a dunƙule, amma ɗan kasuwa mai lissafi yana raba kuɗin wata-wata kafin ya ce ya ci riba.

Ga misali da za mu yi ta komawa kansa. Ɗan wasa ya sa hannu na shekara huɗu a kan dala miliyan 100. Kuɗin sa hannu miliyan 40 ne, albashi kuma miliyan 5, sai 15, sai 20, sai 20. Raba 40 gida huɗu, kowace shekara ta ɗauki 10. Nauyinsa a littafi ya zama 15, 25, 30, 30. A shekarar farko ya karɓi miliyan 45 a hannu, amma littafi ya nuna 15 kacal. Miliyan 30 ɗin da suka rage ba su ɓace ba, suna nan suna jiran ƙungiyar a gaba.

Mataccen kuɗi

Idan aka sallami ɗan wasa ko aka yi musayarsa, duk abin da ya rage na kuɗin sa hannu yana faɗowa littafi lokaci guda. Shi ake kira mataccen kuɗi, domin yana cin wuri a littafi alhali mutumin ba ya buga wa ƙungiyar wasa.

A misalinmu, a ce bayan shekara biyu ƙarfinsa ya ja baya. Idan an bar shi, nauyinsa 30 ne. Idan an sallame shi a watan Maris, miliyan 20 da suka rage za su faɗo, an samu sararin miliyan 10 ke nan. Kafin ka ce sallama ta fi, sai ka duba ko akwai albashin da aka lamunce masa. Idan miliyan 10 na albashin shekara ta uku lamuntacce ne, mataccen kuɗin ya koma 30, ƙungiya ba ta tsira da ko sisi ba, ga shi kuma sai ta nemo wanda zai maye gurbinsa.

Akwai sassauci guda. Idan sallamar ta zo bayan 1 ga Yuni, kason wannan shekarar kaɗai ake rubutawa yanzu, sauran ya tafi baɗi. A misalinmu 10 bana, 10 baɗi. Kowace ƙungiya tana da damar sallamar mutum biyu tun Maris ta yi musu wannan lissafi, sai dai sararin ba ya buɗewa sai Yuni ta shiga, lokacin da an riga an kwashe manyan 'yan wasa daga kasuwa. Shi ya sa irin wannan sarari ya fi amfani wajen biyan sababbin yara da tanadin tsakiyar kaka.

Denver Broncos ta ba Russell Wilson ƙarin shekara biyar a kan dala miliyan 245 a Satumbar 2022, kafin ya buga mata wasan gasa ko ɗaya. A Maris 2024 ta sallame shi, ta ɗauki mataccen kuɗi na miliyan 85, ta raba shi 53 a 2024 da 32 a 2025. Abin da ya sa ba ta jira ba shi ne, da ya ƙara kwanaki a ƙungiyar, wani albashi na miliyan 37 na 2025 zai zama lamuntacce gaba ɗaya.

Karanta lamuni da idon basira

A nan ne yawancin masu sharhi ke zamewa. Lamuni iri uku ne: na rauni, na raguwar ƙwarewa, da na matsin iyakar albashi. Kuɗin da ya haɗa ukun shi ne lamuntacce na gaskiya. Wanda aka lamunce don rauni kaɗai, ƙungiya na iya tsallake shi idan ta sallami mutum yana da lafiya. Akwai kuma lamuni mai tafiya da lokaci, wanda ke tabbata idan ɗan wasa yana cikin ƙungiya a rana ta uku ko ta biyar ta sabuwar shekarar gasa. Shekarar tana buɗewa a tsakiyar Maris, ƙarfe huɗu na yamma agogon New York, wato tara na dare a Legas. Idan ka ga ana ta sallamar manyan suna a farkon Maris, waɗannan ranakun ake gudu.

Don haka idan aka ce wane ya samu miliyan 100, tambayi nawa aka lamunce ranar sa hannu, sannan ka nemi shekarar farko da sallamarsa za ta fi barinsa araha. Wannan shekarar ita ce ainihin ƙarshen kwantaragin. Da yawa daga cikin kwantaragin shekara biyar, na shekara biyu ko uku ne, sauran ado ne.

Cikakken lamuni ba shi da yawa saboda wata tsohuwar ƙa'ida da ta tilasta wa mai ƙungiya ajiye mafi yawan kuɗin da ya lamunta a wani asusu na musamman tun da wuri. Cleveland Browns ta yi hakan ga Deshaun Watson a 2022, miliyan 230 na shekara biyar, duka lamuntattu. Dakatarwa da raunuka suka hana shi buga wasanni da yawa, ƙungiyar kuma ba ta da ƙofar fita mai araha, sai tura nauyin gaba shekara bayan shekara.

Sauya fasalin kwantaragi don samun sarari

Idan ƙungiya ta matsu, hanya mafi sauƙi ita ce ta mayar da albashin bana ya zama kuɗin sa hannu. Ɗan wasa bai yi asarar komai ba, hasali ma ya karɓi kuɗinsa da wuri. Dole dai a bar masa mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke wa mai shekarunsa.

Mu koma shekara ta uku a misalinmu. Albashi 20 ne, a sauya 18, a bar 2. Shekara biyu suka rage, don haka 9 bana, 9 baɗi. Nauyin bana ya sauko daga 30 zuwa 21, na baɗi ya hau zuwa 39.

Idan ana son sarari fiye da haka, sai a liƙa shekarun wofi a ƙarshen kwantaragin. Shekaru ne na takarda kawai, kowa ya san ba za a buga su ba, amfaninsu shi ne a samu inda za a raba kuɗi. Ƙara uku, 18 ta rabu gida biyar, kowane 3.6. Bana ta zama 15.6, baɗi 33.6. Ranar da kwantaragin ya ƙare, miliyan 10.8 da suka rage za su faɗo a matsayin mataccen kuɗi. Haka Tom Brady ya bar wa Tampa Bay kusan miliyan 35 a littafin 2023 bayan ya yi ritaya.

Wannan dabara ba laifi ba ce. Tunda iyakar na hawa kusan kowace shekara, dala ɗaya a littafin baɗi ta fi ta bana sauƙin ɗauka, kuma babu ruwa a kan wannan bashi. Amma a yi ta ga wanda aka tabbata zai kai shekarun yana da amfani, kamar matashin kwatabak, wato mai jefa ƙwallo. Yin ta ga mai shekara 32 da gwiwa ke damu ganganci ne, domin kowace sauyawa tana ƙara tsadar rabuwa da shi. Kuma hawan iyakar ba alkawari ba ne. Bayan annobar korona ta sauko daga miliyan 198.2 a 2020 zuwa 182.5 a 2021, ƙungiyoyin da suka cika baɗi da bashi suka shiga sallamar mutanen da ba su so rabuwa da su ba.

Lokacin tsawaitawa

Wanda aka ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa yana samun kwantaragin shekara huɗu mai ƙayyadadden farashi, kuma ba a taɓa shi sai ya gama kaka uku. Idan ɗan zagayen farko ne, ƙungiya na da zaɓin shekara ta biyar, wanda za ta yanke a farkon Mayu bayan kaka ta uku, kuma da zarar ta ɗauka ya zama lamuntacce.

Idan an tabbatar da yaro, a tsawaita da zarar ƙofa ta buɗe. Dalili na farko, kuɗin sa hannun zai fara rabuwa tun daga shekarun da albashinsa ke ƙasa. Na biyu, farashi ba ya jira. A cikin 2023 kaɗai, kuɗin shekara na manyan kwatabak ya tashi daga miliyan 51 na Jalen Hurts zuwa 52 na Lamar Jackson, 52.5 na Justin Herbert, har 55 na Joe Burrow. A Satumbar 2024 Dak Prescott ya kai 60. Kansas City ta ɗaure Patrick Mahomes a Yulin 2020 da ƙarin shekara goma a kan miliyan 450. Miliyan 45 a shekara ya kusa kashi 23 cikin ɗari na iyakar wancan lokacin, amma a ma'aunin 2025 kashi 16 ne. Saboda haka kwatanta kwantaragi da kason iyaka a shekarar da aka sa hannu, kada ka kwatanta da dala tsura.

Ka kuma lura da yadda ake sanar da adadi. Mai sauran shekara ɗaya a kan miliyan 10 da ya karɓi ƙarin shekara huɗu a kan 120, wakilinsa zai ce miliyan 30 a shekara. Ƙungiya kuwa ta san tana biyan 130 a shekara biyar, wato 26.

Idan ciniki ya ƙi faɗawa, akwai tambarin riƙewa, mutum ɗaya a shekara. Kwantaragin shekara guda ne lamuntacce, farashinsa daga manyan albashi biyar na masu buga gurbinsa, ko kashi 120 cikin ɗari na albashinsa na bara, duk wanda ya fi yawa. Matsalarsa ita ce dukansa yana zama a littafin bana, ba a raba shi. Ana da zuwa tsakiyar Yuli a mayar da shi doguwar yarjejeniya. Baltimore ta yi amfani da shi yadda ya dace a Maris 2024, ta liƙa wa ɗan wasanta Madubuike tambarin, bayan kwanaki kaɗan suka daidaita a kan shekara huɗu, miliyan 98. Washington kuwa ta liƙa wa Kirk Cousins sau biyu, 2016 da 2017, ta biya tsada, ƙarshe ya tafi Minnesota a kan miliyan 84 lamuntattu. Idan aka sake liƙa wa mutum tambari karo na biyu, farashin yana ƙaruwa da kashi 20, karo na uku da aƙalla kashi 44.

Abubuwan da ke ɓata lissafi

Daga Maris zuwa farkon kaka, manyan nauyi 51 kaɗai ake ƙirgawa. Da an shiga makon farko a Satumba, sai a ƙirga duka 'yan wasa 53 da ke jerin ƙungiya, da 'yan benci na atisaye, da masu jinya. Ƙungiyar da ta ga sararin miliyan 8 a Yuli ta ɗauka nata ne, za ta tarar rabinsa ya tafi kafin a busa usur.

Ladan bajinta ma kashi biyu ne. Idan ɗan wasa ya kai wannan matakin bara, ana ɗaukar ladan a matsayin mai yiwuwa, a rubuta shi bana. Idan bai kai ba, ba a rubutawa, amma in ya cim masa za a cire daga iyakar baɗi. Shi ya sa ake sa sharaɗin ya ɗara abin da mutum ya yi bara da kaɗan.

Sararin da ba a kashe ba ana iya tsallakawa da shi baɗi, amma ba a yarda a yi ta rowa ba, domin dole kowace ƙungiya ta kashe aƙalla kashi 90 cikin ɗari na iyakar a kuɗin hannu cikin rukunin shekaru. Wayo ma yana da hukunci. A 2012 an zabtare wa Washington miliyan 36, Dallas kuma miliyan 10, saboda yadda suka jibge nauyi a 2010, shekarar da babu iyaka.

Teburin da za ka zana don kowane ɗan wasa yana buƙatar ginshiƙi shida: shekara, albashi, kason kuɗin sa hannu, sauran lada, jimillar nauyi, da mataccen kuɗi idan an sallame shi a Maris ɗin shekarar. Ka cike shi na shekara uku masu zuwa ga manyan mutum goma na ƙungiyar da kake goyon baya, ka rubuta ranar da kowane lamuni zai tabbata a gefe, sannan ka cire ginshiƙi na shida daga na biyar. Duk inda sakamakon ya fito babba a gaban wanda ya haura shekara 30, sa ido a kan sunansa a makon farko na Maris.