Koyon Jamusanci da taswira: fara daga Kogin Kaduna

Amfanin jimlolin labarin ƙasa shi ne ka riga ka san abin da suke faɗi. Ba sai an gaya maka Zariya tana arewa da Kaduna ba, don haka hankalinka gaba ɗaya zai koma kan nahawu. Tanadi littafin rubutu, taswirar Najeriya da ta Jamus, da biro kala uku.

Biron na jinsi ne, domin kowane suna a Jamusanci yana da harafin jinsi a gabansa: der na namiji, die na tamace, das na wanda ba namiji ba, ba tamace ba. Rubuta sunayen der da shuɗi, na die da ja, na das da kore, kuma kada ka taɓa rubuta suna ba tare da harafinsa ba. Nan Hausa ke yaudarar mutum. Gari namiji ne a wurinmu, amma die Stadt tamace ce. Ƙasa tamace ce, das Land kuwa ba namiji ba ne, ba tamace ba. Der Fluss, kogi, da der Berg, dutse, sun dace da namu, amma sa'a ce kawai. Kula da der See, wato tafki, kamar der Tschadsee, da die See, wato teku. Idan kalma biyu suka haɗu, ta ƙarshe ce mai jinsin: die Hauptstadt, babban birni.

Jimla biyar a rana ta isa, kowace ka nuna wurin da yatsa kana furta ta da ƙarfi. Fara da liegt, wato yana a wuri kaza: Köln liegt am Rhein, amma Berlin liegt an der Spree (Köln da Berlin birane ne, Rhein da Spree koguna). Am gajarcewar an dem ce. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne der ɗin jimla ta biyu: Spree ba ta koma namiji ba, die ce ke zama der idan ana faɗin inda abu yake zaune. In kuwa akwai motsi zuwa cikin wani abu, namiji ne ke sauyawa, der ya zama den: Der Kaduna mündet in den Niger, wato Kogin Kaduna yana zuba a cikin Kwara. Rubuta jimlar Berlin da ta Kaduna a shafi ɗaya, tambayar wo, a ina, a hagu, ta wohin, zuwa ina, a dama.

Garuruwa da yawancin ƙasashe ba sa ɗaukar harafi, nach suke so in za a ce zuwa can: nach Kano, nach Deutschland. 'Yan tsiraru irin die Schweiz da die Türkei su ne ke cewa in die Schweiz.

Sai matsayin aikatau, kuskuren da ya fi yawa. Kullum shi ne na biyu a jimlar bayani, ko da me ka fara. Nördlich von Kaduna liegt Zaria, wato Zariya tana arewa da Kaduna, daidai ne. Idan ka fara da Nördlich von Kaduna sannan ka sa Zaria kafin liegt ka ɓata, domin tsarin Hausa ka bi.

Lambobi ka bar su zuwa mako na biyu. Jamusawa ƙaramar lamba suke fara faɗa: jihohinmu 36 su ne sechsunddreißig, shida da talatin. Jamus tana da 16, sechzehn, a nan kuma s ɗin ƙarshen sechs ta faɗi, kada ka furta ta.