Yadda ake kai baƙo gidan Babban Gwani

Idan baƙo ya ce in zaga da shi cikin birnin Zariya, ba fada nake fara kai shi ba. Ta Ƙofar Doka muke shiga, mu nufi unguwar Babban Gwani. Kowane ɗan acaɓa ya san wurin, sai dai ba kowa ne ya san sunan magini unguwar ta ci ba: Malam Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ya hau gadon sarauta a 1834.

Ka je da tsakar rana, a bazara in so samu ne. Kada ka tsaya yi wa baƙonka lacca kan kaurin bango. Zufar jikinsa za ta bushe a zaure, ya gane da kansa.

Ka tuna gidan mutane ne, ba gidan tarihi na gwamnati ba. Ka yi sallama, ka tuɓe takalmi, ka gaida dattijon da ka tarar: "Baba, mun zo ganin aikin kakanni ne." Ka riƙe ɗan goro. Inda aka tsayar da kai, nan ne iyakarka, kuma ka nemi izini kafin ka ciro waya. Na taɓa zuwa da wani ɗalibi da ya fara ɗaukar hoto tun daga bakin ƙofa, ranar na sha kunya.

Da ka shiga, ɗaga kai. Azara itacen giginya ce, gara ba ta cinta, amma ba ta iya haye ɗaki mai faɗi ita kaɗai. Shi ya sa magina suke jera ta gaɓa-gaɓa, wata na ɗaukar wata daga bango, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa har bakan gizo, wato lanƙwasar da ke ɗauke da rufin, ya haɗu a tsakiya. Ka bi baka ɗaya da ido daga gindinsa zuwa ƙololuwa. Ni nan nake daɗewa.

In kun fito, ka nuna masa lungunan da ke kewaye. Haka unguwannin birni da yawa suka tashi: gwani ko malami ya kafa gida, 'ya'ya da almajirai su yi gini a jikinsa, sunansa ya bi wurin.

Daga nan sai masallaci, wajen fada. Ku yi ƙoƙari ku isa kafin la'asar.