Kurakuran da aka fi yi wajen ɗinka kuben takobi mai lanƙwasa

Yawancin takubban da muka taso muka tarar a Kano miƙaƙƙu ne masu kaifi biyu, kuma da su hannun baduku ya saba. Shi ya sa idan aka kawo mai lanƙwasa, gwani ma sai ya yi tuntuɓe. Da azumi ya kai goman ƙarshe, mahaya sun fara shirin Hawan Daushe, irin waɗannan kube ake kawo mini gyara, kuma kusan ciwonsu ɗaya.

Babban kuskuren tun wajen awo ake yin sa. Yaro zai shimfiɗa takobi a kan kwali, ya zagaye shi da biro, ya yanka. Zanen ya fito daidai, amma ranar gwaji takobin ya shiga rabi ya cije. Dalili shi ne lanƙwasar ba ɗaya ba ce daga ƙota zuwa tsini. Sau da yawa ta fi tsanani can gaba, wani ma gabansa ya fi tsakiyarsa faɗi. Hanyar da ruwan takobi yake bi wajen fita ita ake aunawa. Ka zana shi yana kwance, ka ja shi baya kamar faɗin yatsa uku ta inda bakin kube zai kasance, ka sake zanawa, haka har tsinin ya fice. Layin da ya fi kowanne fita waje, shi za ka bi. Idan lanƙwasar ta yi yawa, ka tsaga kuben ta gefen da babu kaifi, daga baki zuwa kamar taƙi guda, kamar yadda Turkawa suke yi wa nasu.

Sai zaɓen fata. Jar fatar akuya ta yi suna har Turai, amma riga ce kawai, ba ta iya riƙe takobi ita kaɗai. A ciki ana bukatar siraran katako biyu da aka fafe, ko ƙirgi mai kauri. Kuma ka tambayi irin jimar kafin ka biya, ko a Kurmi kake ko a Ƙofar Wambai. Wadda aka jeme da bagaruwa, in ka jiƙa ta za ta bi lanƙwasa ta tsaya a haka. Ta kamfani mai jimar sinadari ba ta riƙe siffa, sai ta yi ta tattarewa a cikin gwiwar kuben.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne barin takobi tsirara a cikin jiƙaƙƙiyar fata ya kwana. Na taɓa ganin takobin gado da aka yi wa haka: da safe ruwansa ya yi dabbare-dabbaren tsatsa, fatar kuma ta yi baƙi ƙirin daga ciki har waje. Duk baduku ya san kuloko, wato baƙin rinin fata, daga ƙarfe ake haɗa shi, don ƙarfe da bagaruwa in suka gamu da danshi baƙi suke haifarwa. Ka shafe ruwan takobin da mai, ka naɗe shi da leda ninki biyu ko uku. Naɗin zai kare ƙarfen, ya kuma bar ɗan sarari, tunda fata tana tsukewa in ta bushe. A inuwa ake shanya, musamman da hunturu. Rana ta buge ta, ta ƙandare ke nan.

Ɗinki kada ya zauna a bakin kaifi. Zara goma ba za a yi ba zaren ya tsinke. Ka kai shi tsakiyar bayan kube, ɓangaren da yake kwanciya a jikin mahayi. In dole sai a gefe, ka sa siririyar fata mai kauri tsakanin ɓarin biyu, kaifin ya riƙa cin ta maimakon zare. A cikin gwiwa ka matse ramukan basilla kusa da kusa.

Zobban hamila kuma, wato maratayin takobi, kada ka kafa su da ka. Ɗaure su da zare tukuna, ka sa takobin a ciki, mai shi ya rataya ya taka, in da hali ya hau dokinsa. Idan ƙota tana rinjaya ƙasa, takobin zai iya zamewa a tsakiyar sukuwa. Matsar da zoben sama kusa da baki, a sake gwadawa, sai ya zauna sannan ka ɗinke.