Shawara kan goron sallah ga iyayenmu tsofaffi

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, ina fatan ana shan ruwa lafiya. Ga wata 'yar shawara tun kafin goman ƙarshe ta shigo kaya su ƙara tsada a kasuwannin Wunti da Muda Lawal na Bauchi.

Don Allah bana kar hidimar ta ƙare a ɗinkin yara da lalle kawai, a tuna da tsofaffin dangi, gwaggo, inna, kaka, musamman wadda mijinta ya rasu. Ba sai atamfa mai tsada ba wallahi. Ni abin da nake yi, kwana 3 kafin sallah nake soya dubulan da cincin, in sun huce sosai sai in zuba a roba mai murfi, kar ki rufe da zafi zai yi laushi. In haɗa da sabulu, ɗan turaren wuta da goro, mai ciwon suga kuma in kai mata zannen gado ko silifas maimakon zaƙi.

Amma kar ki ba ɗan aike fa, ki kai da kanki. Bayan an sauko idi ki zuba masa da miyar taushe a kula, ki kwashi yaran tun kafin su tafi kallon hawa a ƙofar fada, su durƙusa su gaida ta, ki zauna ko na rabin awa ne, waya a jaka. Bara gwaggonmu har hawaye ta yi, tana shafa kan autana tana ta sa masa albarka, ta hana mu tafiya sai da aka kira la'asar.